Shin hankali zai iya tabbatar da mafarin duniya? Amsar Toma Akwinas

A wajajen 1270 malaman jami'ar Paris sun kai ruwa rana a kan tambaya guda: shin hankali shi kaɗai, ba tare da an buɗe Littafi Mai Tsarki ba, zai iya tabbatar da cewa duniya tana da mafari? Malaman tauhidinsu ba su yi musun cewa ta fara ba. Ayar farko ta littafin Farawa ta faɗa, kuma babban taron Ikkilisiya na huɗu da aka yi a Lateran a 1215 ya yanke cewa Allah ya halicci ruhohi da jikkuna daga babu tun farkon lokaci. Rigimar a kan hanyar da wannan sani ya zo ce: hujja ce ta kawo shi, ko wahayi? Toma Akwinas, malamin ƙungiyar limaman Katolika ta Dominikan da aka haifa kusan 1225 a Rokaseka ta ƙasar Italiya, ya ce wahayi ne kaɗai. Ya gaskata cewa duniya fararriya ce, amma ya ƙi yarda akwai hujjar hankali da ta tabbatar da haka, ya kuma zauna ya warware hujjojin 'yan'uwansa Kirista ɗaya bayan ɗaya. Wanda ke son gane abin da Katolika ke nufi idan sun ce bangaskiya da hankali ba sa karo, wannan mas'ala ta fi kowace nuna masa yadda abin yake aiki, domin a nan ne malami ya ajiye hujjar da ke goyon bayan addininsa saboda bai same ta da ƙwari ba.

Littattafan Aristotal, masanin falsafar tsohuwar Girka, su suka ta da ƙurar. Tun ƙarni na 12 ake fassara su zuwa Latin, wasu daga Girkanci, wasu daga Larabci a birnin Toledo, tare da rubuce-rubucen Ibn Sina. Sharhin da Ibn Rushd, masanin falsafa Musulmi na Andalus, ya yi wa littattafan Aristotal ya biyo baya a ƙarni na 13, ya yi kaka-gida har malaman Paris suka daina ambaton sunansa, sai dai su ce "Mai Sharhi". Zuwa 1255 sashen falsafa na jami'ar ya sa kusan dukkan littattafan Aristotal a manhaja. A littafi na takwas na aikinsa kan ilimin ɗabi'a, wato nazarin yadda abubuwan duniya suke motsi da sauyawa, Aristotal ya kafa hujja cewa motsi da lokaci ba su da farko: duk motsin da ka ce shi ne na fari, akwai wani sauyi da ya gabace shi ya sa ya tashi, kuma kowane "yanzu" ƙarshen abin da ya wuce ne, farkon abin da ke tafe, saboda haka babu "yanzu" na farko. Ɗalibi ya karanta wannan a aji, ya shiga coci ya ji ana cewa da farko Allah ya halicci sama da ƙasa.

Malaman Musulunci sun riga su shan wannan gwagwarmaya. Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ɗauki mas'aloli 20 na masu falsafa a cikin Tahafutul Falasifa, ya kafirta su a uku, kuma daɗewar duniya tun fil azal ita ce ta farko. Cikin hujjojinsa akwai ta taurari: rana tana kammala zagayenta a shekara ɗaya, Mushtari a 12, Zuhal a 30. In duniya ba ta da farko, zagayen kowannensu ba shi da iyaka, amma kuma na rana ya ninka na Zuhal sau 30. Ta yaya marar iyaka zai fi marar iyaka? Ibn Rushd ya mayar masa da martani a Tahafutut Tahafut, sannan Musa bin Maimun, malamin Yahudawa da ya rasu a Masar a 1204, ya ce babu ɓangaren da ya kawo hujja yankakkiya. Wanda ya karanta Ummul Barahina ta Imam Sanusi a zaure ya san hanyar da malaman akida suka bi: a fara tabbatar da cewa duniya fararriya ce, daga nan a ce kowane fararre yana da wanda ya farar da shi. A Paris, Bonabentura, shugaban wata ƙungiyar limaman da ake kira Faransiskan, wannan hanya ya riƙe. A wajensa cewa abu "daga babu aka yi shi" kuma "bai taɓa zama babu ba" tufka da warwara ne. A ɗaya gefen akwai wasu malaman sashen falsafa, irin su Siger na Brabant da Boethius na Dasiya, waɗanda suka ce mai nazarin ɗabi'a, muddin yana cikin ka'idojin fanninsa, ba zai iya amincewa da motsi na farko ba, ko da yake a matsayinsa na Kirista ya gaskata da shi.

Toma bai bi ko ɗaya ba, kuma ba don yana neman tsakiya ba ne. Yana da tsarin da yake raba al'amura da shi. A farkon littafinsa Summa contra Gentiles ya ce gaskiyar da ake faɗa game da Allah iri biyu ce. Akwai wadda hankali zai iya kaiwa gare ta: cewa akwai Allah, cewa shi ɗaya ne, cewa komai daga gare shi yake. Waɗannan yake kira shimfiɗar bangaskiya. Akwai kuma wadda ta fi ƙarfin hankali, kamar Triniti, wato Allah ɗaya cikin Uba da Ɗa da Ruhu Mai Tsarki, da zaman Kalmar Allah mutum cikin Yesu, wadda in ba Allah ya bayyana ba, babu mai saninta. Ko iri na farkon ma Allah ya saukar da shi a wahayi, saboda dalilai uku da Toma ya lissafa: in an bar mutane da hankalinsu, kaɗan ne za su kai, sai bayan dogon lokaci, kuma a cakuɗe da kurakurai. Manomi da mai jego ba su da shekarun da za su ɓatar suna nazarin Aristotal kafin su san Mahaliccinsu. Tambayar ita ce, a wane iri mafarin duniya ya faɗa?

Amsar tana cikin Summa Theologiae, Kashi na Farko, tambaya ta 46, fasali na 2. Yana da kyau a san yadda ake karanta littafin, don mutane da yawa suna jingina wa Toma maganar da ya kawo domin ya rusa. Littafin na da tambayoyi 512 da fasali 2,669, kuma kowane fasali tsarinsa ɗaya: a fara da hujjojin ra'ayin da marubucin bai yarda da shi ba, a kawo nassi ko maganar wani babba da ta saɓa musu, sannan amsar Toma, a ƙarshe ya bi hujjojin farkon ya amsa su bi da bi. A wannan fasali hujjojin da ya jera a sama guda takwas ne, duk na masu cewa hankali ya tabbatar da mafari.

Ya ce hujja yankakkiya ta hanya biyu kawai za ta iya zuwa. Ta farko daga ita kanta duniyar. Amma tushen irin wannan hujja shi ne ainihin abu, wato amsar "mene ne shi", kuma ainihin abu ba ya ɗauke da kwanan wata. Ka san mene ne mutum, mene ne dutse, mene ne sama, sani cikakke, ba za ka tarar a cikin ma'anarsu cewa sun fara ranar kaza ko ba su taɓa farawa ba. Hanya ta biyu daga wanda ya yi ta. Shi kuwa da nufinsa ya yi, ba tilas ba, kuma hankali ba ya iya leƙa nufin Allah sai a abin da ya zama wajibi Allah ya nufa. Halittar duniya ba ta cikin wannan. Allah yana da ikon yin duniya mai mafari, yana da ikon yin wadda ba ta da shi. Wanne ya zaɓa, sai ya faɗa. Ya kuwa faɗa. Shi ya sa Toma ya ajiye mafarin duniya a wuri ɗaya da Triniti: abin gaskatawa ne, ba abin tabbatarwa da hujja ba. Wannan takobi mai kaifi biyu ne, don ya sare Aristotal ma. In duniya ta rataya ga nufin Allah, babu wanda zai tabbatar da cewa dole ta daɗe tun azal. Hujjar motsin da ya gabaci motsi tana aiki ne ga abin da ake yi daga wani abu. Halitta daga babu ba sauyi ba ce, don babu wani abu da ya kasance a wani hali sannan ya koma wani.

A nan ne gizo ke saƙa, domin mai karatu zai ce: in duniya za ta iya zama ba ta da farko, ina buƙatar Mahalicci? Toma ya ce an haɗa abu biyu da ba ɗaya ba ne, farawa da dogara. Halitta a wajensa ita ce dogaron samuwar abu gaba ɗaya ga Allah, a kowane lokaci, yau kamar jiya. "Daga babu" na nufin ba daga wani abu aka ƙera ta ba, kuma da an bar ta ita kaɗai da babu ita. Ba lallai ya nufi cewa an yi wani zamani na babu sannan ta zo ba. Ya ɗauko misalin da Agustin, babban malamin Ikkilisiya na ƙarnukan farko, ya ruwaito: da ƙafa tana kan ƙura tun azal, da sawun ma yana nan tun azal, amma ba wanda zai yi shakkar cewa ƙafar ce ta yi sawun. Mai yin abu nan take ba ya buƙatar ya riga aikinsa a lokaci.

Daga nan ya raba jerin sababai gida biyu, kuma wanda bai riƙe wannan rabo ba ba zai fahimci hujjojinsa biyar na samuwar Allah ba. Akwai jerin da kowane sababi yake aiki da ƙarfin na samansa a lokaci guda: hannu yana tura sanda, sanda tana tura dutse. Sandar ba ta da ƙarfin kanta. Cire hannun, komai ya tsaya nan take. Irin wannan jeri ba zai tafi ba iyaka ba, don in duka 'yan aro ne, babu mai abin da ake ara. Akwai kuma jerin da yawansa bai shafi aikin ba: maƙeri yana aiki da guduma, ta karye, ya ɗauki wata, ita ma ta karye. Ko guduma nawa ya yi amfani da su, aikin yau da guduma ɗaya ake yin sa. Haka uba da ɗa: mutum yana haihuwa don shi mutum ne, ba don kakansa yana raye ba. Irin wannan jeri, in ji Toma, hankali bai nuna cewa dole ya tsaya a wani wuri ba. Kuskuren da aka fi yi, har a wasu littattafan koyarwa, shi ne a karanta hujjarsa ta "mai motsarwa na farko" a matsayin komawa baya cikin tarihi har a kai ranar farko. Ba baya yake komawa ba, sama yake hawa, a wannan lokacin da muke ciki. Ya ma faɗa a sarari cewa hanya mafi ƙarfi ta tabbatar da Allah ita ce a ƙaddara duniya daɗaɗɗiya ce, domin in an yarda ta fara, buƙatar wanda ya fara ta a fili take, aikin ya zo da sauƙi. Ya zaɓi ya ba abokin gardama duk abin da yake so, sannan ya nuna masa har yanzu yana buƙatar Allah.

Sauran hujjojin Bonabentura, na lissafi ne. An ce ba a iya ƙetare marar iyaka, to in kwanakin da suka wuce ba su da iyaka, yaya aka iso yau? Toma ya amsa cewa ƙetarewa daga wani wuri ake yin ta zuwa wani, kuma duk ranar da ka nuna a baya, tsakaninta da yau kwanaki ne masu ƙirguwa. Mai hujjar ya ƙaddara wata rana ta farko mai nisa marar iyaka, alhali ita ce ake musu a kai. An ce ba a ƙara wa marar iyaka, ga shi kullum rana na ƙaruwa. Ya ce ƙarin ta gefen yau yake zuwa, gefen da ke da iyaka. Amsa ta biyun ta samu ƙarfi bayan ƙarni shida, lokacin da masanin lissafi Georg Cantor ya nuna cewa tari marar iyaka yana iya daidaita ɗaya da ɗaya da wani yankinsa, abin da ya rage wa hujjar taurari kaifi. Ta farkon kuwa har yau ana jayayya a kanta, kuma akwai masana falsafa Kirista da Musulmi da ke ganin ɓangaren Gazali da Bonabentura ne da gaskiya. Hujja ɗaya ce ta ba Toma wuya, bai kuma ɓoye ba: in mutane suna nan tun azal kuma rai ba ya mutuwa, to a yanzu akwai rayuka marasa iyaka a lokaci guda. A ƙaramin littafinsa kan daɗewar duniya, wanda ya rubuta wajajen 1271, ya ce wannan ta fi sauran nauyi. Abin da ya iya faɗa shi ne Allah zai iya yin duniya tun azal ya jinkirta halittar mutum, kuma ba a riga an tabbatar cewa Allah ba zai iya yin tari marar iyaka ba. Wannan amsa ta kare matsayinsa, amma ba ta kashe tambayar ba.

Me ya sa ya dage haka? Ya faɗi dalilin da bakinsa a ƙarshen fasalin: kada wani ya yi gigin tabbatar da abin bangaskiya ya kawo hujjoji marasa ƙwari, ya ba marasa bi abin dariya, su zaci saboda irin waɗannan dalilai ne muka gaskata. Haka ya faɗa a tambaya ta 32 game da masu ƙoƙarin tabbatar da Triniti da hankali. A ganina wannan shi ne darasi mafi tsada a cikin mas'alar, kuma masu wa'azi sun fi kowa buƙatarsa. Raunanniyar hujja ba ta tsayawa ita kaɗai in ta faɗi. Tana jan abin da aka ɗora a kanta. Matashin da aka gaya wa cewa hankali ya tabbatar da abu kaza, ya je jami'a ya ga an rushe hujjar cikin minti goma, ba hujjar kaɗai zai zubar ba.

Aikin hankali a kan asiran bangaskiya, a tsarin Toma, yana da iyaka sananniya. Zai iya nuna cewa hujjar da aka kawo a kansu ba ta yanke ba, tunda ba a iya tabbatar da kishiyar gaskiya. Zai iya kawo dalilan dacewa, muddin an kira su da sunansu ba a sayar da su a matsayin hujja yankakkiya ba. Zai iya fitar da abin da ke biyo bayan abin da aka gaskata. Da wa ake magana ma yana sauya kayan aiki: da Bayahude a kafa hujja da Tsohon Alkawari, da Kiristan da ya kauce a kafa da Sabo, da wanda bai karɓi ko ɗaya ba kuwa sai hankalin da kowa ke da shi. Ka'idarsa ta karanta nassi ma daga nan ta fito. Hujja daga ma'anar zahiri kaɗai ake ɗaukar ta, ba daga ma'anonin ishara ba. Da ya zo kan kwanaki shida na halitta a tambaya ta 68, ya ɗauko sharuɗɗa biyu daga Agustin: a riƙe gaskiyar Littafi ba girgiza, amma tunda aya tana iya ɗaukar fassara fiye da ɗaya, kada a manne wa wata fassara har bayan an tabbatar ba daidai ba ce. Da alƙalan Galileo, masanin taurarin da Ikkilisiya ta hukunta don ya ce duniya ce ke zagaye rana, sun yi aiki da sharaɗi na biyun a 1633, da ba a kai inda aka kai ba.

Bangaskiya kanta, a wajen Toma, halin kirki ce da ke zaune a cikin hankali. Mai shakka bai karkata ko'ina ba. Mai zato ya karkata amma yana tsoron kishiyar. Mai sani ya tabbata saboda ya ga dalili. Mai bangaskiya ya tabbata kamar mai sani, amma bai gani ba, don haka tunaninsa bai daina kai-kawo ba. Abin da ke sa hankali ya amince shi ne nufi, wanda alherin Allah ya motsa. Shi ya sa ya ce mutum ɗaya ba ya sanin abu da hujja kuma ya gaskata shi ta bangaskiya a lokaci guda: masanin da ya bi hujjar samuwar Allah har ƙarshe ya sani, maƙwabcinsa da bai bi ba ya gaskata, dukansu kuma sun gaskata mafarin duniya. Neman dalili ba ya rage lada in ya biyo bayan ƙauna, wato mutum ya so gaskiyar da ya karɓa har yana juya ta a ransa. Yana rage lada ne in mutum ya ce ba zai gaskata ba sai an tabbatar masa.

Paris ba ta karɓi wannan nan da nan ba. Toma ya rasu ranar 7 ga Maris 1274. A rana irin ta, 7 ga Maris 1277, bishop na Paris Etienne Tempier ya haramta maganganu 219, yana zargin wasu da yin magana kamar akwai gaskiya biyu masu karo, ta falsafa da ta addini. Malaman sashen falsafa aka nufa, amma wasu maganganun sun shafi koyarwar Toma. Sai da aka ayyana shi waliyyi a 1323, sannan a 1325 aka janye haramcin a duk inda ya taɓa shi. A ƙarni na 19 Ikkilisiya ta ga kuskuren ta fuska biyu: an sa limami Louis Bautain ya sa hannu cewa hankali zai iya tabbatar da samuwar Allah, bayan ya jingina komai ga bangaskiya, an kuma soki malaman tauhidi Georg Hermes a 1835 da Anton Günther a 1857 saboda sun ba hankali fiye da rabonsa. Taron Vatikan na farko ya yanke a 1870 cewa ana iya sanin Allah da tabbaci ta hasken hankali daga abubuwan da ya halitta, yana dogara da Romawa 1:20, kuma akwai asirai da ko bayan an bayyana su suna nan a lulluɓe. Fafaroma Leo na 13 ya mayar da Toma tsakiyar karatun limamai a 1879, Fafaroma John Paul na 2 kuma ya sake jaddada tsarin a wasiƙarsa Fides et Ratio ta 1998.

Jarrabawar ta dawo a ƙarni na 20 da sabuwar riga. Georges Lemaître, limamin Katolika ɗan Beljiyam kuma masanin lissafin sararin samaniya, ya nuna a 1927 cewa sararin yana faɗaɗa, a 1931 ya kawo ra'ayin cewa komai ya taso daga wani dunƙulallen hali na farko. A watan Nuwamba 1951 Fafaroma Pius na 12 ya yi jawabi a gaban cibiyar kimiyya ta Vatikan da ya yi kusa da cewa kimiyya ta shaida lokacin halitta. Lemaître bai ji daɗin haɗa biyun ba, kuma a taron kimiyya na Solvay na 1958 ya faɗa wa masana cewa nazariyyarsa tana wajen duk wata tambaya ta addini. Ma'aunin yau yana ba da kusan shekara biliyan 13.8 tun daga wancan hali mai tsananin zafi da cunkoso. Lissafin da ake da shi yana daina aiki kafin a kai farkon farko, kuma na'ura tana auna sauyi ne daga wani hali zuwa wani, ba ta da hanyar auna babu.